Mai Awon Kogin Nilu: Nazari a kan Aikin Dokta Hurst

A cikin Turawan da suka yi wa gwamnatin Masar aiki, da wuya a sami wanda ya daɗe kamar Dokta Harold Edwin Hurst. An haife shi kusa da birnin Lesta a Ingila cikin 1880, ya yi karatu a jami'ar Oksfod, ya sauka Masar cikin 1906, bai kuwa bar aikin kogin Nilu ba sai cikin 1968, watau shekara 62 ke nan. Ya mutu cikin 1978. Saboda daɗewarsa a bakin wannan aiki har Misirawa suka laƙaba masa suna Abu Nil, watau uban Nilu.

Abin da ya bari a rubuce yana da yawa. Akwai jerin manyan littattafai da a ke kira The Nile Basin, ma'anarsa Kwarin Nilu, waɗanda ya fara fitarwa cikin 1931 tare da abokan aikinsa. Akwai littafin da ya rubuta don jama'a cikin 1952. Akwai kuma wata maƙala da aka buga masa a Amurka cikin 1951, wadda ita ce ta kai sunansa duniya. Galibi in an tashi yabonsa sai a ce shi ne ya gano yadda za a kintaci ruwan Nilu. Wannan yabo bai sauka daidai ba. Babban abin da ya yi shi ne ya nuna iyakar da kintace ba ya wucewa, sa'an nan ya auna girman tanadin da ya wajaba ga mutanen da ba su san abin da baɗi za ta zo da shi ba. A kan wannan ya kamata a auna shi.

Dalilin awon kogi

Masar ƙasa ce da ba ta da damina. In an ɗebe bakin teku, ruwan sama ba ya isa a shuka ko da gero, saboda haka abincin ƙasar duka ya rataya ne ga kogi guda. Shi kuwa kogin ruwansa daga nesa ya ke zuwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ke isa Asuwan daga duwatsun Habasha ya ke gangarowa, ta Shuɗin Nilu da Atbara da Sobat, saura kuma daga manyan tafkunan da ke wajen Yuganda, ta Farin Nilu.

Tun zamanin da, masu mulkin Masar sun san haraji da ruwa tare su ke tafiya. A tsibirin Rauda, cikin Alƙahira, akwai wata rijiya mai ginshiƙi a tsaka, an zana masa zira'i zira'i, ana kiranta Miƙyasi. An gina ta cikin shekara ta 861, zamanin Halifa Mutawakkil. In ruwa ya kai zira'i 16 sai a yi shela, a san za a yi noma, a kuma san za a tara haraji. In ya kasa, sai a shirya wa yunwa. Lissafin tsawon ruwan da aka riƙa rubutawa shekara shekara ya faro tun wajen 622, ya ci ɗaruruwan shekaru. Ba wani kogi a duniya da ya sami irin wannan rajista. Wannan gādo Hurst ya tarar, ya kuwa san darajarsa.

Kintacen kusa

Kintacen ruwa iri biyu ne, bai kamata a cuɗa su ba. Na fari shi ne na kusa. Ruwan da ya wuce Rusairis a kan Shuɗin Nilu, ko Malakal a kan Farin Nilu, sai ya yi kwanaki masu yawa a hanya kafin ya kai Asuwan. To, in akwai ma'auni a kowace tasha, da malamin da ke karanta shi kullum safiya ya buga waya, mai zama a Alƙahira zai iya sanin abin da ke tafe tun bai iso ba, kamar yadda mai jiran ayari ya kan sami labarinsa daga zangon baya.

Amma tsawon ruwa a jikin ma'auni dabam, yawan ruwan da ke wucewa dabam. A nan ne aikin Hurst na farko ya yi amfani. A tsohuwar madatsar Asuwan, wadda aka gama cikin 1902, an gina wani ƙaton tanki da a ke sako ruwan ƙofar madatsa a ciki, a ga cikin daƙiƙa nawa zai cika. Da haka aka san ainihin abin da kowace ƙofa ke fitarwa, aka kuma gwada injunan awon gudun ruwa da shi. Watau sai da aka tabbatar da mudun kafin a fara awo. Mafi yawan littattafan Kwarin Nilu jadawali ne zalla na irin waɗannan alƙaluma, tasha tasha, shekara shekara. Mai neman daɗin karatu ba zai same shi a ciki ba, amma duk wanda ya yi magana a kan Nilu bayan haka, ko ya yarda da Hurst ko ya saɓa masa, da alƙaluman nan ya ke kafa hujja. A wannan fanni ba wani abin suka.

Rumbun shekara ɗari

Iri na biyu shi ne kintacen nesa, watau a san ko baɗi da baɗin baɗaɗa ruwa zai cika. Wannan shi ne mai wuya, don bambancin shekaru yana da girma ƙwarai. A kan auna ruwan kogi da kubik mita, watau cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne. Matsakaicin abin da ke isa Asuwan a shekara an ƙiyasta shi biliyan 84. Amma a shekarar ruwa ta 1878 zuwa 1879 ya kai wajen biliyan 150, a ta 1913 zuwa 1914 kuwa bai wuce wajen biliyan 42 ba. Wannan shekara ta biyu ita ce wadda aka yi yunwar Kakalaba a ƙasar Kano da kewayenta, don farin da ya taɓa Habasha bai bar ƙasar Hausa ba.

Madatsun da aka fara ginawa, irin ta Asuwan da ta Sinnar ta 1925 wadda ke shayar da gonakin Jazira, inda Hausawa da Filani da yawa mazauna Sudan suka yi aikin auduga, duk tanadin shekara guda su ke yi: a tare ruwan ƙarshen ambaliya, a sake shi da rani. In shekara ta zo da fari ba su da abin da za su tare. Tambayar da Hurst ya sa a gaba ita ce: ina girman ma'ajin da zai sa a riƙa sakin ruwa daidai wa daida kowace shekara har shekara ɗari, komi fari komi ambaliya?

Mai karatu ya ɗauki misalin manomin da gidansa ke cin dami 100 a shekara. Cikin shekara biyar ya sami dami 120, da 80, da 140, da 60, da 100. Rarar da zai ajiye ba ta taɓa wuce dami 40 ba, saboda haka rumbun dami 40 ya ishe shi. To, a ce amfanin nan dai ne, amma ya zo masa a jere haka: 120, da 140, da 100, da 60, da 80. Yanzu rarar za ta taru har dami 60 kafin shekarun ƙunci su cinye ta. Jimla ɗaya ce, dami 500, amma rumbu ba ɗaya ba ne. Ashe girman rumbu ba ga yawan amfani kaɗai ya dogara ba, har da yadda shekarun suka jeru.

Masana lissafi na wancan zamani sun ɗauka shekarun kogi kamar caca su ke zuwa, ta bana ba ruwanta da ta bara. In haka ne, duk sa'ad da aka ninka yawan shekaru sau huɗu, rumbu ninki biyu kawai zai buƙata. Hurst bai tsaya ga zato ba. Ya tattara lissafin abubuwa 75, jeri 690, da ya haɗa da ruwan koguna, da ruwan sama, da zafi da sanyi, da zoben da ke cikin kututturen itace wanda ke nuna girman kowace shekara, da lakar da ke kwantawa a ƙasan tafki, har da rajistar Rauda. Duk da hannu aka yi lissafin, babu kwamfuta. Sai ya tarar lambar da ke nuna saurin girman rumbu, wadda ya kamata ta zama 0.5 in caca ce, ta fito 0.73 a matsakaici. Ma'anar wannan ita ce in an ninka shekaru sau huɗu, rumbu sai ya kusa ninki uku. A lissafin shekara ɗari kuwa, inda tsohuwar ƙa'ida ta ce a yi ma'ajin da ya ninka bambancin shekara da shekara sau 12 da rabi, tasa ta ce sai wajen sau 17.

Dalili kuwa shi ne shekarun ƙoshi su kan biyo juna, na fari ma su kan biyo juna. Duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, ya san wannan magana ba sabuwa ba ce. Cikin 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, Mandelbrot da Wallis, da suka bi sawun aikin Hurst, sunan Annabi Yusufu suka sa wa wannan ɗabi'a ta koguna. Abin da Hurst ya ƙara shi ne lamba. Ya mai da abin da tsofaffi suka sani ya zama ƙa'idar da injiniya zai iya yanke tsawon bango da ita.

Ranar gwaji

Aikin masani ba a sanin ƙarfinsa sai ya gamu da abin da aka yi shi dominsa. An fara gina babbar madatsar Asuwan cikin 1960, aka gama cikin 1970. Tafkin da ke bayanta yana iya ɗaukar wajen biliyan 162, daga ciki an ware wajen biliyan 90 don tanadin shekara da shekaru, bisa irin lissafin da Hurst da abokansa Black da Simaika suka shimfiɗa. Daga 1979 sai shekarun ƙarancin ruwa suka jeru, har da 1984 wadda yunwarta ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a Habasha, ta kuma taɓa Sudan da Cadi da Nijar. Masar ta yi ta ci daga tafkin nan shekara bayan shekara. Zuwa watan Yuli na 1988 ruwan ya sauka har wajen mita 150 bisa teku, ya kusa inda injunan lantarki za su tsaya. A watan Agusta na shekarar nan sai ruwa ya sauko da ƙarfi, har ya yi ɓarna a Hartum, tafki ya fara komowa. Cikin 1996 ya cika har aka saki rara ta mashigar Toshka zuwa cikin hamada.

Da an yanke girman tafkin bisa tsohuwar ƙa'ida, da rumbu ya ƙare tun ba a kai 1988 ba. Har wa yau ya kamata a lura, ko da rumbun da aka faɗaɗa, da ƙyar aka sha. Wannan ya gaskata Hurst, ya kuma nuna ƙa'idarsa ba ta yi wa tanadi yawa ba.

Inda aikin ya gaza

Gazawa ta fari ta cikin ilmin ce. Hurst ya ga abu, ya auna shi, amma bai faɗi sanadinsa ba. Ya yi ta gwaji da jefa kuɗin ƙarfe da yanka karta, har cikin 1957 ya nuna in aka shirya karta yadda rinjaye zai zauna a gefe guda na wani lokaci kāna ya juya, lissafin ya kan fito kusa da na kogi. Wannan kwaikwayo ne mai kyau, amma bai ce ga abin da ke juya ruwan Habasha ba. Cikin 1974 Klemeš ya nuna ba lalle ne a ce kogi yana tuna shekarun baya ba, don sauyin matsakaici daga zamani zuwa zamani ma yana iya haifar da lambar nan. Cikin 1976 Anis da Lloyd suka nuna in jerin shekaru gajere ne, hanyar awon da kanta ta kan ɗaga lambar sama da 0.5 ko da babu komi a ƙasa. Da yawa daga jerin da Hurst ya yi aiki da su kuwa ba dogaye ba ne. Saboda haka bai kamata a riƙi 0.73 kamar lambar da ba ta motsi ba. Wani ɓangare na sanadin sai daga baya ya bayyana: cikin 1996 Elfatih Eltahir, wani masani ɗan Sudan, ya nuna wajen rubu'in bambancin ruwan Nilu yana tafiya tare da ɗumamar tekun Fasifik da a ke kira El Nino. Wannan ya buɗe ƙofar kintacen 'yan watanni, amma na shekaru masu yawa har yanzu ya gagara.

Gazawa ta biyu ta shafi abin da ke cikin ruwan. Ruwan kogi ba ruwa ne zalla ba. Kafin a yi babbar madatsa, Nilu ya kan yi kore gab da ambaliya saboda gansakuka, sa'an nan ya rine ja da lakar Habasha, fiye da tan miliyan 100 a shekara. Sanin abin da ke cikin lakar nan da gishirin da ya narke a ruwan aikin masu tantance sinadarai ne, waɗanda ke ƙafar da ruwa su auna abin da ya rage, su rarrabe shi kashi kashi. Ba a rasa irinsu a Masar ba. Alfred Lucas, wanda daga baya ya yi suna wajen adana kayan kabarin Fir'auna Tutankamun, ya fitar da littafi a kan sinadaran ruwan Nilu cikin 1908, a ma'aikatar safiyo da Hurst ya fara aiki a cikinta. Amma da aka zo babban shiri, nauyin lissafi ga yawan ruwa ya karkata. Laka an fi dubanta ta fuskar wurin da za ta cinye, aka ware mata wajen biliyan 31 a ƙasan tafki.

Gaskiya ne mafi yawan lakar nan teku ta ke tafiya tun asali, takin da ta ke bar wa gona kuma bai kai yadda waɗansu ke zuzutawa ba. Duk da haka da ta daina zuwa an ga gurbinta. Teku ta shiga cin gaɓa a bakin Rashid. Kamun kifin sardin a bakin kogi ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru. Masu yin bulo suka koma kankare ƙasar gona, har sai da hukuma ta hana. Da ambaliyar da ke wanke ƙasa ta tsaya, ban ruwa kuma ya zama na kullum, gishiri ya taso a gonaki da yawa, sai da aka kashe kuɗi masu yawa wajen binne bututun tsane ruwa. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum guda wannan duka. Amma mai auna aikinsa dole ya ce mudunsa yawa ya auna, bai auna kyau da irin wannan tsanani ba.

Gazawa ta uku ita ce mafi nauyi, don ta shafi haƙƙin mutane. Shirin da Hurst da abokansa suka fitar cikin 1946 ba a Asuwan ya so a yi babban tanadi ba, saboda zafin rana a can yana shanye wajen biliyan 10 a shekara. So ya yi a mai da tafkin Biktoriya da na Albat da na Tana rumbunan Masar, a kuma haƙa magudana ta Jongole don ruwa ya kauce wa fadamar Sudd, inda wajen rabin Farin Nilu ke salwanta. A takarda lissafin ya fita. Amma abin da jadawali ya kira asara shi ne makiyayar shanun Dinka da Nuwer, kamar yadda rahoton masu binciken Jongole na 1954 ya bayyana. Mutanen Habasha da Yuganda kuwa sun shiga littafin ne a matsayin masu zama inda ruwa ke fitowa. Wannan ido shi ne na yarjejeniyar 1929, shi ne kuma na ta 1959, wadda ta ba Masar biliyan 55.5, ta ba Sudan 18.5, ba ta ambaci rabon Habasha ba. Magudanar Jongole da aka fara haƙa cikin 1978 yaƙi ya tsai da ita kafin a gama. Habasha kuwa ta fara gina tata babbar madatsa a kan Shuɗin Nilu cikin 2011, mai ɗaukar biliyan 74, ta buɗe ta cikin 2025. Babbar gardamar da ke tsakanin ƙasashen uku ita ce yadda za a saki ruwa in shekarun fari suka jeru, watau tambayar Hurst ce ta komo, sai dai yanzu rumbu biyu ne, mabuɗi kuma a hannu biyu.

Hukunci

In an haɗa duka, aikin Hurst ya fi ƙarfi inda ya tsaya ga awo, ya raunana inda ya shiga rabon abin da ba na ubangidansa kaɗai ba. Ma'aikacin gwamnatin Masar ne, tambayar Masar ya amsa, ya kuwa amsa ta da gaskiya. Darasinsa ya wuce Nilu. A farkon shekarun 1960 tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma wajen ushirin haka. Babban aikin ban ruwa da aka shirya a kudancin tafkin, a ƙasar Barno, bisa ruwan shekarun cika, sai ya wayi gari bakin magudanarsa a kan busasshiyar ƙasa. Wanda ya ɗauki shekara goma ko ashirin na ƙoshi ya ce su ne ɗabi'ar ruwa, irin abin da ke samunsa ke nan.

Akwai kuma waɗanda littattafan ba su ambaci sunayensu ba, alhali kuwa ba domin su ba da babu littattafan: malaman da suka riƙa sauka rijiyar Rauda suna rubuta zira'i, da waɗanda suka riƙa karanta ma'auni a Malakal da Rusairis kowace safiya. Lambar da ta shahara da sunan Hurst daga rajistarsu ta fito. Hukumar da ta bar ma'aunin kogi ya karye, ko ta bar littafin ruwan sama ga gara, ta hana jikokinta sanin girman rumbun da za su gina. Allah ya sa masu riƙe da irin wannan amana su san nauyinta.